Ƙaramar kyamara maras madubi ko ƙatuwar DSLR ful-firem, wacce zaka zuba kuɗinka a kai?

Duk wanda ya tara ƴan kuɗinsa zai sayi kyamara ta gaske, ya gaji da ɗaukar hoto da waya, da ya fara tambaya zai tarar mutane sun rabu gida biyu. Wasu su ce masa ai DSLR ta mutu an yi jana'izarta, kar ya kuskura, wasu kuma su ce waɗannan ƙananan maras madubin kayan wasan yara ne, in aiki zai yi ya nemi ful-firem. Kuma abin haushin kowa yana da ƴar gaskiyarsa. Inda matsalar take shine abu biyu ake cakuɗawa a tambaya ɗaya, maganar madubi daban, maganar girman sensa daban, in baka raba su ba har gobe musun ba zai ƙare ba.

Madubin tukunna. A cikin DSLR akwai wani ɗan madubi a karkace bayan lens, haske in ya shigo sai madubin ya cilla shi sama zuwa ƴar tagar da kake sa ido, kaga kenan abin da kake gani shine zahirin abin da ke gabanka ta cikin gilashi. Da ka danna sai madubin ya ɗaga, shota, wato labulen da ke rufe da sensa, ta buɗe, haske ya faɗa kan sensa, madubin ya dawo, wannan ƙarar "karaf" ɗin da ake ji kenan. Ita maras madubi an cire wannan duka, haske kai tsaye yake sauka kan sensa koyaushe, abin da kake leƙawa kuwa ɗan mitsitsin sikirin ne. Cire madubin ne ya ba su damar matso da lens kusa da sensa, a DSLR ɗin Canon tazarar milimita 44 ce, a Nikon 46.5, a maras madubin Sony kuwa 18 kacal, shi yasa jikin ya sirance. Panasonic ne suka fara fito da irinta a 2008 da G1, Sony suka biyo da NEX a 2010, su kuwa Canon da Nikon sai 2018 suka shigo da ƙarfinsu da EOS R da Z6 da Z7.

Sensa kuma ita ce farantin da ke karɓar hasken, a madadin fim ɗin da. Ful-firem na nufin girmanta milimita 36 da 24, daidai da fim ɗin 35 na zamanin su Kodak. Wadda ke cikin yawancin ƙananan maras madubi, irin su Sony A6400 ko Fujifilm X-T30 ko Canon R50, ana ce mata APS-C, wajen 23.5 da 15.6 ce, ta Canon ma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. In ka lissafa faɗin fili ful-firem ta ninka ta sau biyu da ƴan kai. Akwai kuma ta Olympus da Panasonic mai 17.3 da 13, ita kam kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta ful-firem. Ka ɗauka kamar an ajiye baho da bokiti a tsakar gida ana ruwan sama, bahon zai fi tara ruwa a lokaci ɗaya, to haka babbar sensa ta fi tara haske, kuma yawan haske shine tsabtar hoto.

To a ina ake ganin bambancin? Da rana tsaka ba zaka gani ba, wallahi ko an ɗora maka hotunan biyu a kwamfuta sai dai ka yi canke, balle a ce WhatsApp ko Instagram za a tura su inda ake matse hoton ya koma ɗan ƙarami. Bambancin yana fitowa ne da daddare, a hol ɗin dina mai fitilu shuɗi da ja, ko ɗakin amarya ranar kamu da ƙwai ɗaya ke ci a silin, inda dole ka ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske in wuri ya yi duhu, zuwa 3200 ko 6400. A nan ƙaramar sensa zata fara kawo yashi-yashi a fuska da cikin inuwa, babbar kuwa tana da sauran numfashi. A lissafi ful-firem ta fi APS-C da mataki ɗaya da ɗan wani abu (kowane mataki ninki biyu ne na haske), wato abin da ita zata baka a 6400 ƙaramar sai wajen 3200 ko ƙasa zata baka irinsa, in dai shekarun fasaharsu sun yi kusa. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da muhimmanci fa, don Canon 5D ta farko ta 2005 ful-firem ce amma ISO ɗinta a 3200 ya tsaya cak, ƙaramar kyamarar yau zata bar ta a baya nesa ba kusa ba.

Sai maganar dusashewar baya, wadda amare da ƙawayensu suka fi so, fuska ta fito tar bayan kuma ya narke. Ƙaramar sensa tana yanke gefen hoton da lens ya kawo, shi yasa lens mai milimita 50 (in lambar nan ta ƙaru lens ya fi matso da abu kusa) a kan APS-C yake nuna maka kamar 75, kuma f/1.8 ɗinsa, wato faɗin ramin da haske ke shiga lens wanda ƙaramar lamba ke nufin ya fi buɗewa, dusashewar da zai baka bata wuce ta wajen f/2.8 a ful-firem ba. Ana iya cike giɓin, Sigma suna da 56 f/1.4 na ƙananan kyamarori wanda hotonsa ba a magana, amma 85 f/1.8 a kan ful-firem har yanzu ya fi narkar da baya, kuma na hannu ba tsada. Yankewar nan tana cutarwa a ƙuntataccen ɗaki, mata ashirin sun jeru bango na bayanka babu inda zaka ja, 24 a ful-firem zai kwashe su, a APS-C sai ka nemi 16. Amma kuma ranar hawan Sallah kana can nesa da mahaya bayan dogarai, yankewar ta zama alheri, lens mai 200 ya koma maka 300 kyauta.

Yanzu mu zo inda maras madubi ta yi wa DSLR fintinkau, wato fokas. Ita DSLR na'urar da ke auna fokas ɗinta daban take a ƙasan madubi, ba a kan sensa ba, in aka samu ɗan saɓani ko na gashi ɗaya tsakaninsu sai ka sa fokas a ido ya tafi kunne ko kan hanci, sai ka zauna kana saita kowane lens da hannu a cikin menu. Kuma ɗigon fokas ɗin duk a tsakiya suke taruwa, Canon 6D ta 2012 guda 11 gareta kuma na tsakiyan ne kawai abin dogaro, Nikon D750 tana da 51 amma suma a cunkushe a tsakiya. A6400 da ta fito 2019 tana da 425 sun bazu kusan ko'ina, ga shi tana kama idon mutum ta bi shi ko yana tafiya ko yana juyi a filin rawa. Ga wanda yake koyo wannan ba ƙaramin sauƙi bane, hotunan da zaka zubar saboda fokas ya kuskure zasu ragu sosai, ka maida hankalinka kan haske da tsayuwar mutum.

Abu na biyu kuma da ban cika jin ana faɗa ba alhali mu ya fi shafa. Ango baƙi ne ko wankan tarwaɗa, ya sha farar shadda mai sheƙi, abokansa duk fari, rana kuma tana dukansu a ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure. Mitar da ke auna haske a kyamara in ta ga farin nan da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, shaddar ta fito da kyau fuskar kuma ta yi duhu ƙirin. In ka ƙara don fuska shaddar ta ƙone aikin wuyan ya ɓace. A DSLR ba zaka sani ba sai ka ɗauka ka duba bayan kyamara, cikin rana kuma sikirin ɗin ma ba ya ganuwa sosai. A maras madubi tun kafin ka danna kana ganin yadda hoton zai fito a cikin tagar leƙen, ka murɗa har fuska da riga su daidaita. Sai dai a nan ɗin ma D750 tana da nata makamin, in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara bata matse ba, ka kare farin, zaka iya ɗago fuskar a manhajar gyaran hoto ta Lightroom mataki uku ko huɗu ba tare da ta lalace ba. Canon 5D Mark III da 6D Mark II kam basu kai ta a wannan ba, in ka matsa wa inuwarsu sai datti ya fito, duk da dai mutane da yawa sun fi son kalar fatar da Canon ke bayarwa, wannan kuma ra'ayi ne.

Maras madubi kuma tana iya ɗauka shiru babu ƙara ko kaɗan, wajen tafsiri ko taron da ba a son motsi. Amma a yi hattara, shotar shirun nan a ƙarƙashin fitilun LED tana jawo layi-layi a hoto, wutarmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 a sakan ce, saboda haka in ka ga layin ka sa saurin shota a 1/50 ko 1/100 na sakan ko ka koma shotar ƙarfen mai ƙara kawai. Haka a bidiyo ka tsaya a firem 25 ko 50 a sakan.

Bidiyon ma shine ya kashe musun ga mutane da yawa. Abin mamaki DSLR ce ta fara buɗe wannan ƙofar, 5D Mark II ta 2008 ita ta sa masu shirya fim suka fara ɗauka da kyamarar hoto. Amma yau in bidiyo ne rabin aikinka, ko kana YouTube da TikTok, ko ana ce maka "hoto da bidiyo duka muke so", to kar ka wahalar da kanka. D750 bata da 4K sam, kuma fokas ɗinta a bidiyo sai ya yi ta kai da komowa yana nema. 5D Mark IV ta 2016 tana da 4K amma a yanke sosai, kuma fayil ɗin cin memori yake kamar me. Galibin DSLR ɗin nan ma a minti 29 da sakan 59 suke yankewa, A6400 bata da wannan iyakar. Ga gimbal, wato mariƙin da ke hana bidiyo girgiza, ɗora kyamara mai nauyin kilo biyu da lens a kai ka yi awa uku kana bin amarya, washegari hannunka zai baka labari. Abin da zaka kiyaye a ƙananan shine zafi, jikin ƙarami ne babu inda zafin zai fita, A6300 ta 2016 ta yi ƙaurin suna wajen kashe kanta a 4K, to ka ƙiyasta a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri.

Nauyin kuwa ga lambobi. 5D Mark IV da batir giram 890, ka ɗora mata 24-70 f/2.8 na Canon mai giram 805, ka doshi kilo ɗaya da ɗari bakwai tun kafin filasha. A6400 giram 403, Sigma 18-50 f/2.8 kuma 290, duka basu kai giram 700 ba. Wannan ita ce kyamarar da zaka jefa a jaka ka hau babur ko ka tafi Umara da ita ba wanda ya kula. Kuma mutane sun fi sakin jiki a gabanta, a kasuwa ko cikin unguwa in ka ɗaga ƙatuwar kyamara nan take za a fara tambayarka daga wace jarida kake ko wa ya aiko ka.

Amma a wajen biki abin juyewa yake. Akwai kwastoman da in ya ga ka zo da ƴar ƙaramar kyamara zai ga kamar an cuce shi, ya biya kuɗi an turo masa ɗan koyo, uwar amarya ma sai ta tambaya ina babbar take. Ba hujja bace ta fasaha amma kasuwa ce, kuma wanda yake ci daga sana'ar ba zai ce bai damu ba. Wasu har ƙarin gidan batir suke ɗaurawa a ƙasan ƙaramar da ƙaton filasha don ta cika ido.

Batir kam DSLR ce sarauniya, ba tantama. Tunda tagar leƙenta gilashi ce bata cin wuta, a ma'aunin da kamfanonin ke amfani da shi D750 tana ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, 6D Mark II 1,200, D850 har 1,840. A6400 wajen 400, Canon M50 kuwa 235. Wato bikin da zaka gama da batir ɗaya ko biyu a DSLR, a ƙaramar sai ka cika aljihu da uku ko huɗu, ga wuta da ba tabbas. Abin da ya ɗan rage zafin shine A6400 tana caji da USB, fawa bank ɗin wayarka ma ya isa, D750 da su 5D kuwa dole sai cajarsu ta bango. Sai ramin memori, D750 da 5D Mark III biyu garesu, kana ɗauka tana ajiyewa a duka biyun, ɗaya ya lalace ɗaya na nan. A6400 da R50 da 6D ɗaya ne tak. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, ni a wurina mai ɗaukar biki don kuɗi wannan kaɗai ya isa ya tsaya ya yi tunani. Fujifilm X-T3 dai tana da biyu in ƙaramar kake so dole.

Ƙura ma abin dubawa ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka, duk sanda ka cire lens a maras madubi sensar a buɗe take tsirara tana kallon sama, a DSLR kuwa madubi da shota sun rufe ta. Ba wai DSLR bata shan ƙura bane, tana sha, amma ba kamar waccan ba. Wasu sababbin, irin Canon EOS R, suna sauke shota in ka kashe su, ƙananan masu araha yawanci basa yi. Dabarar dai ka juya bakin kyamara ƙasa in zaka canza, ka mallaki ƴar robar hura iska, kar ka hura da baki kar kuma ka goge da gefen riga.

To ina maganar cewa DSLR ta mutu? A wajen ƙera sababbi, kusan haka ne. Shugaban Canon Fujio Mitarai ya faɗa a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ita ce babbar DSLR ɗinsu ta ƙarshe, Nikon kuma tun D780 da D6 na 2020 basu sake fito da wata ba, Pentax ne kawai suka nace. Amma mu da galibi na hannu muke saya wannan labari ne mai daɗi, ƙwararrun Turai da Amurka da Japan suna ta sauke kayansu suna komawa maras madubi, farashi ya faɗi. D750 da ta fito a 2014 kan dala 2,300 yanzu ta hannu bata kai rabin haka ba, kuma hoton da take ɗauka bai ragu da komai ba. Ga lens kamar ƙasa, bakin F na Nikon, wato inda ake ɗaura lens a jikin kyamara, tun 1959 ake ƙera masa, EF na Canon tun 1987, duk inda ka shiga shagon kyamara a Legas ko Abuja ko Kano zaka samu, zaka samu mai ara maka, zaka samu mai gyara.

Kuma lens ɗin nan basa mutuwa da kyamarar. Saboda waccan gajeriyar tazarar da na faɗa a sama, ana sa adafta a ɗora lens ɗin DSLR a kan maras madubi, na Canon EF yana aiki lafiya lau a kan maras madubinsu na layin R, na Nikon ma da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin lens ɗinsu na AF-D da fokas ɗinsu zai koma na hannu. Akasin haka kuwa ba ya yiwuwa. Kaga wanda ya sayi 6D ko 5D yau ya tara lens masu kyau, gobe in ya samu kuɗin Canon R6 maras madubi jiki kawai zai canza. Tarkon da ya kamata a gujewa shine Canon M50 da ƴan uwanta, tana da farin jini wajen masu bidiyo kuma tana da araha, amma Canon sun watsar da layin M gaba ɗaya kuma lens ɗinsa ba ya hawa kan R ko da adafta. Maras madubi ce amma ta riga DSLR shiga kabari. A ɓangaren ƙananan Sony ce ta fi yalwar lens, don tuntuni suka bar su Sigma da Tamron suna ƙera musu, Canon sai 2024 suka bari a yi wa ƙananan R ɗinsu.

Wani zai ce to me zai hana a haɗa biyun, maras madubi kuma ful-firem? Akwai, Sony suka fara da A7 a 2013, kuma A7 III ta 2018 har yau tana cikin waɗanda masu biki suka fi riƙewa, ramin memori biyu, batir mai kai hoto 700, ga fokas ɗin ido. In kuɗinka ya kai ita da lens mai kyau, musun ya ƙare. Amma kar ka saye ta don sauƙin nauyi, jikin giram 650 ne amma lens ɗin Sony 24-70 f/2.8 GM na farko 886 ne, ya ma fi na Canon nauyi, girman lens sensa yake bi ba madubi ba. Kuma kar ka kwashe kuɗin duka a jiki ka ƙare da lens ɗin da ake haɗowa da ita mai f/5.6, a duhu ƙaramar kyamara mai f/1.4 zata doke ka.

Ni dai ga inda na tsaya. In hoto ne sana'arka, biki da suna da situdiyo, kuɗin kuma a ƙirge suke, ka nemi D750 ta hannu da 50 f/1.8 da 85 f/1.8 da filashar Godox, ko 5D Mark III in mutanen da kake aiki da su ƴan Canon ne don ku riƙa musayar lens da batir. In kuwa bidiyo ne gaba, ko tafiye-tafiye, ko hoton yara da iyali da kayan da kake sayarwa a intanet, ƙaramar maras madubi zata fi maka amfani nesa, don ita zaka riƙa fita da ita.

In ta hannu zaka saya kuma, ka tambayi adadin bugun shota, wato hotuna nawa ta taɓa ɗauka. D750 da 5D Mark III an ƙiyasta musu 150,000, 6D kuma 100,000, suna wuce haka amma wadda ta kusa kaiwa dole farashinta ya sauka don canza shota kuɗi ne. A Nikon lambar tana cikin bayanan kowane hoto, a Canon sai an jona da kwamfuta. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka zuƙo hoton ka ga tabo ko ƙarzuwa a sensa, ka haska tocilan waya cikin lens ka duba ko akwai fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo, musamman kayan da suka daɗe a Legas ko Fatakwal inda laima take da yawa. Ka gwada ramukan memorin duka biyun, ka danna kowane maɓalli, ka kuma duba batirin da aka haɗo maka don jabu sun cika kasuwa, in mai shagon ya ƙi yarda ka gwada a gabansa ka wuce shago na gaba.